Buhun Gawayi Da Zagayen Kabon: Ina Itatuwanmu Suke Tafiya?

 

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur a Nijeriya, sannan darajar naira ta faɗi a watannin da suka biyo baya, farashin gas ɗin girki da na kananzir ya yi tashin gwauron zabo. Gidaje da dama da suka riga suka saba da tukunyar gas sun ajiye ta, sun koma ga kurfoti da murhu. Duk wanda ke bin manyan hanyoyin Arewa yana ganin motoci maƙare da buhunan gawayi suna kwarara zuwa birane. Gwamnatocin jihohi da dama sun mayar da martani da dokar hana sare itatuwa da ƙona gawayi, jama'a kuwa suka rabu gida biyu: masu cewa a tsananta dokar domin daji na ƙarewa, da masu cewa a bar talaka ya dafa abin da zai ci.

Malaman usulu suna da wata ƙa'ida, cewa yanke hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin. Don haka kafin mu goyi bayan wani ɓangare, ya kamata mu san mene ne gawayi, daga ina ya fito, kuma ina yake tafiya idan ya zama toka. Amsar waɗannan tambayoyi tana cikin abin da masana kimiyya suke kira zagayen kabon.

Mene ne kabon?

Kabon sinadari ne da Allah Ya gina jikin duk wani mai rai da shi. Baƙin da kake gani a gawayi shi ne kabon kusan tsantsa. Kimanin rabin nauyin busasshen itace kabon ne, haka nan kusan kashi 18 cikin 100 na nauyin jikin ɗan Adam. Yana cikin tuwo da nama da auduga da takardar da ɗalibi ke rubutu a kanta. Idan ya haɗu da iskar oksijin, sai ya zama iskar da ake kira kabon-dayoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari, ita ce muke fitarwa a kowane numfashi.

Wannan iska ni'ima ce a asalinta. Tana cikin iskokin da ke riƙe wani kaso na zafin rana a kusa da doron ƙasa, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Ba don su ba, da duniya ta daskare. Kabon ɗin da ke duniya kuma ba ya ƙarewa, yana dai sauya mazauni ne tsakanin iska da tsirrai da dabbobi da ƙasa da teku da duwatsu. Wannan kai-da-komo yana da hanyoyi biyu, ɗaya gajera, ɗaya doguwa.

Gajeren zagaye

Ganyen bishiya yana zuƙar kabon-dayoksaid ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi, saiwa ta jawo ruwa, sannan da ƙarfin hasken rana ganyen ya haɗa su ya samar da sukari, ya saki oksijin. Da wannan sukari bishiya ke gina gangar jikinta da rassanta da 'ya'yanta. Ke nan mafi yawan busasshen nauyin kukar da ke bakin gari daga iska ta tattaro shi, shekara bayan shekara. Haka gero da dawa suke yi a gona cikin 'yan watannin damina.

Daga nan kabon ya shiga tafiya. Akuya ta ci harawa, mutum ya ci hatsi ya sha nono, jiki ya ƙona abincin domin samun ƙarfi, kabon ya koma iska ta numfashi. Abin da ya faɗi ƙasa na ganye da kara da kashin dabbobi, gara da ƙananan halittun da ido ba ya gani su ruɓar da shi. Wani ɓangare ya tashi sama, wani ya zauna a cikin ƙasa ya zama baƙin nan da manomi ke gane ƙasa mai albarka da shi. Ƙasar duniya tana riƙe da kabon fiye da wanda ke cikin sararin iska. Teku kuwa ya fi su duka, domin abin da ke narke a cikinsa ya ninka na iska fiye da sau 40.

Wuta ita ce hanya mafi sauri ta mayar da kabon sama. Abin da bishiya ta tara a shekara 50, wuta za ta sake shi a kwana guda, kuma zafin da ke dafa tuwo hasken rana ne da ganye ya adana. Alƙur'ani mai girma ya jawo hankalinmu ga alaƙar ɗanyen itace da wuta a aya ta 80 ta Suratu Yasin, da kuma ayoyi na 71 da 72 na Suratul Waƙi'a. Malaman tafsiri sun fassara ta farkon da wasu itatuwa biyu da Larabawa ke gogawa su ƙyasta wuta, kuma ba ma tilasta wa aya ma'anar da magabata ba su ba ta ba. Abin da muke ɗauka shi ne umarnin yin tunani, wanda binciken masana ya ƙara buɗe mana ƙofarsa.

Dogon zagaye

Akwai kabon da ke kuɓuce wa gajeren zagaye ya shiga ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa. Dazuzzukan da suka nutse cikin fadamu a zamanin da, ƙasa ta danne su miliyoyin shekaru, su ne suka zama kwal irin wanda aka gano a Inugu a 1909. Ƙananan halittun ruwa da suka kwanta a ƙasan teku su ne asalin ɗanyen mai da gas, irin wanda aka samu a Oloibiri a 1956. Ɓawon wasu halittun teku kuma ya taru ya zama dutsen farar ƙasa, wanda ake haƙa a Kalambaina da Ashaka da Obajana da Malbaza domin yin siminti. Idan aka gasa wannan dutse, kabon ɗin da ke ɗaure a cikinsa yana fita ya koma iska.

A bisa ɗabi'a, wannan ma'ajiya tana sakin abin da ke cikinta kaɗan-kaɗan ta bakin duwatsu masu aman wuta da maɓuɓɓugan ƙarƙashin ƙasa. Maƙwabtanmu na Kamaru sun ga ƙarfinta a daren 21 ga Agusta, 1986, lokacin da tafkin Nyos ya amayar da kabon-dayoksaid da ta taru a ƙasansa, ta malala cikin ƙauyuka ta shaƙe mutane fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Duk da haka, abin da dukkan duwatsu masu aman wuta na duniya ke fitarwa a shekara ɗan ƙanƙani ne idan aka gwada shi da abin da ɗan Adam ke fitarwa yanzu.

Inda ma'auni ya karkace

Dubban shekaru, abin da ke hawa sama da abin da ke saukowa suna kusan daidai. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska, kimanin kashi 280 ne kabon-dayoksaid. Da aka fara awo na dindindin a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawai a 1958, an sami kimanin 315. A yau adadin ya haura 420. Wannan awo yana nuna wani abin lura: kowace shekara adadin kan ɗan sauka idan tsirran arewacin duniya suka yi ganye, ya sake hawa idan suka kaɗe, amma kowace shekara hawan yana wuce na bara.

Dalilin a fili yake. Ɗan Adam yana tono abin da aka ajiye cikin miliyoyin shekaru yana ƙonawa cikin ƙarni biyu. Kowane kilo ɗaya na kabon da aka ƙona yana haifar da kusan kilo 3.7 na kabon-dayoksaid, saboda nauyin oksijin da ya haɗu da shi. Ƙona kwal da mai da gas, tare da yin siminti, suna fitar da kimanin tan biliyan 37 a shekara. Teku yana shanye kusan kwata na abin da ake fitarwa, tsirrai da ƙasa su shanye kusan wani kwatan, ragowar kusan rabi kuwa ya tsaya a sama, wani ɓangarensa har ɗaruruwan shekaru. Tekun ma ba a banza yake shanyewa ba, domin ruwansa yana ƙara tsami, abin da ke cutar da halittu masu ɓawo.

Bargon ya yi kauri, zafi ya ƙaru. Hukumar kula da yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururin ruwa da yawa, kimanin ƙarin kashi 7 cikin 100 a kowane digiri ɗaya, don haka idan hadari ya haɗu ruwan kan sauko da ƙarfi a ɗan lokaci. Ba mu manta da ambaliyar 2022 da ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya ba, ko wadda ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau. Ba daidai ba ne a ɗora kowace ambaliya a kan sauyin yanayi kaɗai, domin sakaci da madatsun ruwa da toshe magudanai da gini a kan hanyar ruwa suna da nasu kaso. Sai dai ruwa mai ƙarfi yana tona asirin kowane sakaci. Suratur Rahman ta ambaci ma'aunin da Allah Ya kafa, ta kuma hana ƙetare iyaka a cikinsa, aya ta 41 ta Suratur Rum kuma ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata.

Rabon alhaki

Adalci ya wajabta a faɗi gaskiya a nan: murhun uwargida a Gusau ko Damagaram ba shi ne ya ɗumama duniya ba. Nahiyar Afirka gaba ɗaya tana fitar da ƙasa da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kwal da mai da gas na duniya. Idan aka raba wa kowane mutum, rabon ɗan Nijeriya bai kai tan ɗaya a shekara ba, na ɗan Nijar bai ma kusanci haka ba, alhali na mutumin Amurka ya kai kimanin tan 14. Saboda haka neman diyya da ƙasashe matalauta ke yi haƙƙi ne. An amince da kafa asusun biyan asara a taron yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar a 2022, an kuma yi alƙawarin dala biliyan 300 a shekara nan da 2035 a taron Baku na 2024, adadin da ƙasashe masu tasowa da yawa suka ce ya yi kaɗan.

Amma wannan gaskiya ba ta wanke mu daga wata gaskiyar ba. Hayaƙin ƙasashe masu masana'antu ya bazu a duniya baki ɗaya, ita kuwa bishiyar da muka sare, asararta a kanmu take fara sauka. Girki da itace ba ya karkatar da ma'auni matuƙar abin da ke tsirowa ya kai abin da ake sarewa, domin sabon tsiro zai sake zuƙe abin da wuta ta saki. Haka kakanninmu suka rayu da busassun rassa da kara. Matsalar ta zo ne da gatari ya fi tsiro sauri.

Gawayi ya fi itace cin daji. A irin ramin gargajiya da ake rufewa da ƙasa, ana buƙatar kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Idan buhu ya kai kilo 30, to an ƙona itacen da ya kai kilo 150 zuwa 300 domin a cika shi, kuma fiye da rabin kabon ɗin itacen ya tashi sama tun a daji, bai dafa ko da ruwan shayi ba. Masu gawayi kuma sun fi son itatuwa masu tauri, irin su kirya da marke da kaɗanya, waɗanda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma. Kaɗanyar da aka mayar gawayi an sayar da ita sau ɗaya, alhali da an bar ta, da mata sun yi shekaru suna samun man kaɗe daga gare ta.

Bayan bishiya ta tafi, kabon ɗin ƙasa ne ke bin bayanta. Ba ganyen da zai zuba, ba inuwar da za ta kare ƙasa daga rana, abin da ya rage na ruɓaɓɓen taki ya ƙone ya tashi. Ƙasa ta zama rairayi, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe takin zamani, iska da ruwa su kwashe ta. Ƙona daji da kwashe kara kakaf daga gona suna ƙara rura wannan asara. Manomin da ke kukan cewa gonarsa ta gaji, sau da yawa kabon ɗinta ne ya ƙare.

Doka kaɗai ba ta isa ba

Hana gawayi ba tare da samar da madadi ba yana tsawwala farashi ne, ya mayar da sana'ar ta dare, ya buɗe ƙofar cin hanci a shingayen hanya. Wanda zai ji a jikinsa shi ne magidancin da ke sayen gawayin ƙulli-ƙulli. Shari'a ta hana cuta da cutarwa, ta kuma koyar da cewa ba a gusar da cuta da irinta. Abin takaici ne a ce Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona iskar gas a banza a rijiyoyin mai, alhali gidaje sun kasa cika tukunya. Gas ma daga dogon zagaye yake, amma a halin da muke ciki, tukunyar gas mai rahusa tana ceton bishiya, tana kuma ceton huhun mata da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3 a shekara.

Gwamnati ta ɗauki alƙawura. A taron Glasgo na 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa nan da 2060 Nijeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a wannan shekarar. Akwai kuma shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 nan da 2030, wanda ya shafi jihohi 11 na Arewacin Nijeriya. Ma'aunin nasarar irin wannan shiri shi ne yawan bishiyar da ta rayu bayan shekara biyar, domin dashen da aka yi a gaban kyamara aka bar wa awaki bai adana kabon ko kaɗan ba.

Darasi mafi ƙarfi yana wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980, manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a ƙone kututturen da ke tohowa a gona, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran, a kare su har su zama bishiya, tunda saiwar tana nan da ranta a ƙasa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 ta wannan hanya. Gawo ya yi fice a cikinsu, domin yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya tare wa gero rana, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Abin da ya sa aikin ya ɗore shi ne manomi ya sami tabbacin cewa bishiyar gonarsa tasa ce, zai ci moriyar rassanta. Mutum yana tsare abin da ya mallaka.

Wani sabon al'amari da ya kamata shugabanni da malamai su sa wa ido shi ne cinikin kabon, inda kamfanin da ke fitar da hayaƙi a wata ƙasa zai biya kuɗi a tsare daji a wata ƙasar, ya lissafa abin da dajin ya zuƙe a matsayin ragi a gare shi. Zai iya zama alheri, amma akwai tambayoyin da fiƙihun ciniki ya saba yi. Shin abin sayarwar sananne ne, an auna shi? Wa ya mallake shi? Shin an nemi yardar manoma da makiyayan da ke rayuwa a dajin, kuma nawa zai kai hannunsu? Cinikin da aka ƙulla a kan jahilci, ko aka kori masu ƙasa dominsa, ba ya halatta don kawai an kira shi kare muhalli.

Abin da ya hau kanmu

Musulunci bai bar mu babu tsari ba. Manzon Allah (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'i kusa da Madina domin maslahar jama'a, Sayyidina Umar (RA) ya yi irin haka a Rabza, kuma hurumin gari da burtali da muka gada suna kan wannan tafarki. Sayyidina Abubakar (RA) ya hana rundunarsa sare itatuwa masu 'ya'ya ko a fagen yaƙi, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi, sadaka ce a gare shi.

A kan haka, masu mulki su sauƙaƙa gas da ingantattun murahu masu cin itace kaɗan kafin su tsananta doka, su koya wa masu gawayi hanyoyin ƙonawa marasa asara, su ware musu gandun da za su dasa su sara bisa tsari, su kuma tsare dazuzzuka irin su Falgore da Lame-Burra daga manyan dillalai. Sarakuna da masu unguwanni su kare hurumi daga masu yanka shi filaye. Kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su mayar da dashe wakafi, a juya ruwan alwala zuwa gindin bishiya, a ɗora wa kowane aji alhakin renon nasa dashen. Manomi ya bar wa gonarsa wani kaso na kara, ya kai mata taki, ya daina cinna mata wuta. A cikin gida kuwa, jiƙa wake kafin dafawa da rufe tukunya da kashe garwashin da ya rage suna rage abin da ake saye. Kada kuma a kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, domin wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata guba mai suna kabon-monoksaid, wadda ba a jin warinta, tana kashe mutum yana barci.

Ku kuma ɗalibai, wannan fanni yana jiranku. Al'umma tana buƙatar masana ƙasa da daji da makamashi waɗanda suka san harshenta da addininta, domin su auna mata abin da take da shi, kada a yi ciniki da dukiyarta tana kallo. Neman irin wannan ilimi farilla ce ta kifaya, idan kowa ya bar shi kowa ya yi laifi.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar ƙasar da Ya ba mu aro, Ya sauƙaƙa wa talakawa abin da za su ci da abin da za su dafa shi da shi, Ya ba mu damina mai albarka. Allah ne Mafi sani.